Kalmar da Na Cire daga Takardar Lawali

Kuna cewa aikina ya ƙare tunda salula ta iya fassara. Jiya ma ɗayanku ya ɗora tasa a kan takarda, ta juya masa Italiyanci zuwa Faransi kafin in gama goge tabarau, ya yi dariya ya ce, "Malam Habu, ka huta." Zan huta, gwiwoyina ma sun ce in huta. Amma tunda ku ukun nan kun ce kuna so ku gaji teburin, ku jawo kujeru ku ji abin da ke cikin aikin.

Aikin tafinta a Italiyanci aikin wutsiya ne. Mu a Hausa aikatau yana zaune wuri ɗaya, ɗan abin da ke gabansa ne yake sake riga: na tafi, ina tafiya, zan tafi, in tafi. Su kuwa a ƙarshen kalma suke ɓoye komai. Parlo, ina magana. Parlavo, ina ta magana a da. Parlerò, zan yi magana. Parlerei, da na yi magana. Wanda ya yi, da lokacin da ya yi, da ko ya yi ɗin ne ko ana zato ne, duk suna cikin haruffa biyu ko uku na ƙarshe, daidai inda idon mai gaggawa yake tsallakewa.

A nan Villeurbanne, gefen birnin Lyon, na koya, kuma ba don shi na zo ba. Daga Damagaram aka turo ni karatun injiniya, na faɗi jarrabawa sau biyu, aka karɓe ɗakin ɗalibai. Wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Nerina, ta ba ni ɗan ɗaki a saman gidanta, ni kuma ina hau mata da kayan kasuwa hawa huɗu. Malamar lakkol ce, wato makarantar boko, a ƙasarsu kafin ta biyo mijinta, magini, wanda ya rasu tun kafin in zo. Tana da kwalin takalmi cike da katuna, kowane kati aikatau ɗaya, an juya shi ta kowace fuska da ƙaramin rubutu kamar tururuwa. Kowace safiya takan zaro ɗaya ba ta duba ba, ta miƙo mini, ta ci gaba da ɓare wake. In na yi kuskure ba ta magana, sai ta daina ɓarewa. Shirun nan ya fi bulalar makarantar allo zafi.

Abu biyu nata ban manta ba. Na farko, in tana zancen mijinta, da lokacin yanzu take yi: yana son kafe da ɗaci, ba ya son a buɗe taga. Na yi wata biyu a gidan ina tafiya a hankali gaban wata rufaffiyar ƙofa don kada in tashe shi, kafin maƙwabta su gaya mini shekararsa tara a kabari. Na biyu, ranar da hannunta ya zaro katin morire, wato mutuwa. Ta dube shi, ta ce, "Wannan ba a cikin gidana ba. Fita matakala." Na tsaya a matakala, ƙofa a buɗe, ina faɗa da ƙarfi don ta ji: ina mutuwa, kana mutuwa, yana mutuwa, na mutu, zan mutu, da na mutu. Muryata tana sauka har ƙasa tana dawowa kamar wani ne yake maimaitawa a bayana. Da na gama ta ce in wanke hannu kafin in shigo.

Shekara uku na yi a hannunta. Da ta rasu 'yarta ta ba ni kwalin, ga shi can kan kanta. Kayan aikina ke nan duka: kwalin, ƙamus biyu, kaye na rubutu, jan biro, da guntun rula. Rular ita ce babba. Kana ɗora ta a ƙarƙashin layi, ka rufe na ƙasa, don kada idonka ya riga ka zuwa ƙarshen magana. Jan biron kuma na zagaye wutsiyar kowane aikatau ne kafin ka fassara ko kalma ɗaya.

Aikin da ya fara fito da sunana na Hajiya Ashta ne, 'yar Cadi mai sarin takalma a Aubervilliers, gefen Paris. Lokacin na koma Paris, ina da ɗan tebur a bayan wani kantin salula a unguwar Goutte d'Or, Lyon kuma ina zuwa kwana biyu a mako. Ta shigo a fusace da wasiƙa daga masu yi mata takalma a Italiya. Ɗan'uwanta ya karanta mata cewa za su aiko kaya ranar Litinin, ta ɗauki mota da masu dako, ta yini a bakin sito, babu kaya. Na ɗora rula. Ba spediremo suka rubuta ba, wato za mu aiko. Spediremmo ne, da m biyu: da mun aiko, in kin tabbatar mana da launi. Na nuna mata da bakin biro. Ta daɗe tana kallon harafin, sannan ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya zaunar da ni cikin sanyi tun safe?" Daga ranar ko katin gaisuwa aka aiko mata sai ta kawo mini. Ita ta jawo mini 'yan kasuwa. Daga baya samarin da suke ƙetarowa daga Italiya ta kan duwatsu suka fi yawa, da takardun asibiti, da na kotu, da na gidajen baƙi, a ninke cikin leda, wasu har da jiƙar dusar ƙanƙara.

Mugunyar shekarata ta fara wata Juma'a, saura kaɗan a kira salla. Ina teburina na Paris Alhaji Isuhu ya shigo, dattijo daga wajen Maraɗi, mai gadi a wani gini. Wata uku yana neman ɗan yayarsa, Lawali, wanda ya kira shi daga wani gari na gindin dutse a Italiya ya ce jibi yana Paris, daga nan shiru. Alhaji ya rubuta wa duk inda aka ce ya rubuta. Ranar amsa ta zo daga wani ofishin masu taimakon matafiya na can, layi shida.

Na ɗora rula, na zagaye wutsiyoyi. A layi na huɗu aka rubuta: sarebbe morto durante la traversata. Ku saurara da kyau. È morto shi ne ya mutu. Sarebbe morto, in babu sharaɗi a kusa da shi, shi ne abin da muke cewa wai. Wai ya mutu wajen ƙetarewa. Mai rubutun yana gaya maka an faɗa masa, bai gani ba, kada ka ɗora a wuyansa. Layi na biyar ya ce ba a sami gawa ba.

Na san wannan sarai, kada ku ce jahilci ne. Amma a lokacin na karanta irin wannan wasiƙa ta fi a ƙirga da yatsu, kuma ban taɓa ganin wanda aka rubuta wa sarebbe ya dawo ba. Ga dattijo a tsaye yana riƙe da gefen tebur, ya ce, "Malam, don Allah kada ka zagaya da ni. Wata uku uwarsa ba ta barci. Ya mutu ko bai mutu ba?"

Na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Ya rasu."

Ya yi salati, ya zauna. Sannan ya fito da salula ya ce, "Kai ka karanta, kai za ka gaya mata. Ni bakina ba zai iya ba." Ya kira ƙauye. Na ji kukan akuya, na ji ana cewa a kai wa Inna. Muka gaisa gajere. Muryarta a kwance take, ta ce, "Malam, takardar ce ta ce ya mutu, ko mutane ne suka ce?"

Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkol ba ta yi mini tambayar da ke cikin wutsiyar kalmar daidai. Na ce, "Takardar ce, Inna."

Aka yi zaman makoki a ɗakin Alhaji, na je na yi gaisuwa, na sha shayi. Aka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, nan da can gida. Jakar kayan da Lawali ya riga ya aiko wa kawunsa aka buɗe ta aka rabar. Ni kuma na ci gaba da aikina.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ina nan Lyon, a wannan ɗakin, wata Talata da la'asar ta hunturu, ana yayyafi. Ban ji an hau matakala ba, kun kuwa san yadda take ƙara. Na ɗaga kai kawai na ga mutum a bakin ƙofa, dogo, ramamme, da baƙar rigar sanyi ta tsofaffin Turawa wadda ta yi masa yawa. Ya yi sallama da Hausar Maraɗi, murya ƙasa-ƙasa. Na miƙa masa hannu, ya ɗora nasa a ƙirji, bai cire safar hannu ba. Na ce ya zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ya ce a'a, zafi yana sa masa ciwo. Ya ja kujera can jikin taga inda iska ke shigowa.

Na ce, "Wace takarda ce?"

Ya amsa mini da Italiyanci. Ba irin na samarin da suka yi aikin gonar tumatir a Italiya ba, masu jefa aikatau yadda ya zo. Nasa tsaf yake, a hankali, da irin kalmomin da ban sake ji ba tun bayan Madam Nerina. Ya ce yana da takarda ɗaya, gajera ce, yana so in karanta masa da Hausa.

Ya sa haƙori ya zare safar hannun dama. Yatsu biyu ne suka rage, babba da manuni. Da su ya zaro takardar ya shimfiɗa a gabana. Layi shida. Ban buƙaci rula ba.

Ya ɗora manuninsa a layi na huɗu ya ce, "Malam, wannan kalmar, mene ne Hausarta?"

Na dubi sunan da ke saman takardar, na dubi fuskarsa. Ruwa yana ɗiga daga rigarsa a kan dabe, shi kaɗai nake ji. Na ce, "Wai."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma haka aka koya mini."

Bai ɗaga murya ba, har ya gama ba ni labari. Su biyu suka hau dutsen. Ya faɗi cikin ƙanƙara, abokin tafiyarsa ya girgiza shi bai motsa ba, ya ɗauka ya cika, ya sauka ya faɗa wa mutanen ofishin nan. Washegari wani mai yawo da kare ya tsince shi ta wani gefen dutsen, can cikin Italiya. Babu takarda a jikinsa, salula ta ɓace. Asibiti suka yanke abin da ya mutu a hannu da ƙafa, ya yi wata huɗu bai furta kalma ba. Da aka rasa inda za a kai shi, aka sa shi a wani gidan tsofaffi a ƙauyen dutse. A bakinsu ya koyi yaren, yana tura musu keke suna gyara masa magana. Rigar jikinsa ta ɗaya daga cikinsu ce da ya rasu.

Lamba ɗaya ce ta rage a kansa, ta uwarsa. Ranar da bakinsa ya buɗe ya kira. Ƙanwarsa ta ɗauka, ta ji murya, ta yi ihu ta yar da salular. Ya sake kira, uwar ta ɗauka. Ya ce, "Inna, ni ne." Ta karanta Ayatul Kursiyyu tun daga farko har ƙarshe, yana ji, sannan ta kashe. Ya kira sau bakwai a cikin wata biyu, kullum haka. A na takwas lambar ta daina shiga. Ashe wani malamin ƙauye ne ya ce aljanin dutse ne ya ari muryar yaron, aka cire katin aka jefa a rijiya. Daga baya ya je ofishin nan neman taimako, ashe su suka yi wasiƙar, suka ba shi kwafi, suka sake rubutawa zuwa Paris cewa yana raye amma wasiƙar ta dawo musu, don Alhaji ya sake gida. Da ya iso Lyon ya gamu da wani ɗan garinsu a tashar tiram. Mutumin ya ruga har ya bar jakarsa, sai da ya dawo ɗaukarta ne, daga nesa, ya gaya masa wanda ya karanta takardar.

Ya ce, "Ban zo faɗa ba, Malam. Ta ji daga bakinka. Daga bakinka kaɗai za ta yarda."

Da safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Sa'a biyu yana kallon taga, bai ci ba, bai sha ba. Sau ɗaya mai duba tikiti ya karɓi nawa ya wuce shi kamar babu kowa a kujerar, sai da Lawali ya ɗaga hannu ya dawo. Ƙila gajiya ce ta sa, amma na lura, shi ma ya lura na lura.

Na san inda Alhaji yake cin abincin rana, wani ɗan gidan tuwo na matan Kamaru a Goutte d'Or. Na ce wa Lawali ya tsaya a waje in fara shiga, ya ƙi. Muka shiga tare. Wurin cike, cokula suna ƙara. Ƙarar ta riƙa mutuwa tebur bayan tebur. Wani mutum da ke sanye da jar rigar ƙwallo ya miƙe a hankali, ya dubi rigar jikinsa, ya dubi Lawali, ya tuɓe ta a cikin sanyin nan ya ajiye kan kujera ya fita da 'yar shimi. Daga jakar Lawali da aka rabar sadaka ya samo ta. Alhaji Isuhu yana can ƙurya, loma a hannu. Bai gudu ba. Ya taso, ya zo, ya kama kunnen Lawali ya murɗa kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro, har sai da Lawali ya ce, "Kawu, da zafi." Sannan dattijon ya zauna a ƙasa, nan kan dabe, ya rufe fuska da hula.

A gaban mutanen nan na faɗi abin da na yi, da kalmar da na cire. Daga ranar har tsawon wata goma sha ɗaya babu Bahaushen unguwar da ya sake miƙo mini takarda. Mai kantin salula ya ce in kwashe teburina, masu saye suna tsoron bakina. Hajiya Ashta kaɗai ta ci gaba da zuwa, ita ma sai ta ce in karanta sau biyu, in nuna mata da biro. Amma wannan daga baya ne.

A ɗakin Alhaji muka yi kiran, bayan la'asar. Kafin ya danna sabuwar lambar ya ce mini, "Malam, ka sani, Lawali ɗan fari ne. Tunda aka haife shi Yaya ba ta taɓa kama sunansa ba, sai kai wannan, sai yaron nan. Ranar da ka ce ya mutu ta fara faɗin sunan. Yanzu kullum yana bakinta, a salla, a gona, ko'ina."

Aka kai mata salular. Na ce, "Inna, Malam Habu ne, wanda ya karanta takarda."

Ta ce, "Na gane muryar. Wa ya mutu kuma?"

Na ce, "Babu wanda ya mutu. Ranar nan kin tambaye ni ko takarda ce ta ce, ko mutane ne suka ce. Mutane ne suka ce, Inna. Takardar cewa ta yi wai. Ni na cire wai ɗin. Ɗanki yana gabana, ina ganinsa, kawunsa ya taɓa shi."

Ina jin iska, da wata tabarya can nesa. Ta ce, "Malam, Lawali na yi masa arba'in. Lawali na rabar da gadonsa na kwana. Abin da yake kirana na san shi, ya iya muryar Lawali."

Alhaji ya karɓa ya rantse mata, ya ce ya murɗe masa kunne ya ji ɗumi. Ta ce shi ma ana iya rufe masa ido. Sannan ta ce, "Miƙa masa salular."

Lawali ya riƙe salular da yatsunsa biyu, Alhaji ya tallafa masa ta ƙasa. Na zaci za ta fara karatu. Ba ta yi ba. Ta ce, "In kai ne, daren da za ka tafi me na ɗinke maka a ƙugun wando?"

Ya ce, "Ba ki ɗinka komai ba, Inna. Kin ɗauko laya da allura, zaren ya ƙi shiga, kika ce idonki ya mutu. Na ce ki kawo in sa miki, kika ce a'a, in na sa zan tafi da idonki. Kika mayar da layar cikin ƙwarya. Tana nan a kan randa in ba a taɓa ba."

Muka ji ta ajiye salular a ƙasa. Muka ji takunta yana nisa, ƙyauren kara ya yi ƙara, wani abu ya ƙwanƙwasa kamar murfi. Mu uku muna tsaye a ɗakin, babu mai kallon wani. Ta daɗe. Har Alhaji ya duba ko layin ya yanke.

Takun ya dawo. Ta ɗauka, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Muka jira ta kira sunansa.

Ta ce, "Kai wannan. Ka ci abinci?"

Lawali ya dubi kawunsa. Alhaji Isuhu ya sunkuya kan salular ya ce, "Bai ci ba, Yaya. Tun jiya bai ci ba."

Ta ce, "To ku ba yaron nan abinci mana, kuna tsaye kuna kallonsa."